Kafin ka ɗaga a-kori-kurarka, zauna mu yi lissafi

Damina ta kawo kai, kuma duk shekara iwar haka tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin 'yan'uwa masu a-kori-kura, daga Garwa har Tamale: "Alhaji, in ɗaga motar nan ne ko in bar ta?" Ba na ganin laifin mai tambayar. Wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kusiri bayan ruwan sama, ko ta Tawa zuwa Agadas, ya san yadda gaban mutum ke faɗuwa in cikin mota ya daki ƙasa. Sai dai motar ɗan kasuwa ba irin ta 'yan gayu ba ce da ake fito da ita ranar hutu. Ita ce jari, ita ke cin kasuwar ƙauye, ita ke kai yara makaranta, ita ke kai Hajiya asibiti. Abin da za a yi mata sai an auna.

Abu na farko, tabbatar da cewa ɗagawa motar ke buƙata, ba magani ba. Yawancin Hilux ɗin da nake gani ana kukan sun yi ƙasa, sifirin ɗinsu ne ya gaji. Ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka ɗauko awo ka gwada daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi da ke saman taya, ƙafa huɗun duka, ka rubuta. Ka sake gwadawa da irin lodin da ka saba ɗauka. In ka samu wata irinta da ba ta sha wuya ba, ka gwada tata ka kwatanta. Idan sifirin na baya ya miƙe ɓalɓal babu sauran lanƙwasa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, to sabon sifirin irin na kamfani da shokozoba masu kyau za su dawo maka da tsayin da ka rasa, a kuɗin da bai kai na ɗagawa ba.

Abu na biyu, ka san abin da ɗagawa ke ba ka. Tana ɗaga shasi da bodi, ta sa hancin mota da gindinta su daina dukan ƙasa a kwazazzabo, ta kuma buɗe wa babbar taya wuri. Amma ƙululun nan da ke tsakiyar aksul na baya, wanda shi ne ya fi yawan karo da tudun tsakiyar hanya, yana nan inda yake ko da ka ɗaga motar kamu guda. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Ga misali: taya mai lamba 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 265/70R17 kuwa kusan 803. Bambancin milimita 27, rabinsa ne ke ƙaruwa a ƙarƙashin aksul, wato wajen 13, bai fi kaurin ɗan yatsa ba. A kan wannan ɗan tsayin, mota za ta ƙara shan mai, ta ƙara nauyi wajen tashi da lodi, allurar gudu kuma in ta nuna 100 kana kan wajen 103 ne. Mai son ya tsallaka zuwa tayoyin da suka fi haka girma, ya ninka wannan lissafin.

Hanyoyin ɗagawa da ke kasuwa uku ne. Akwai sifesa, wani gammo na ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a kan shokozoba na gaba, a baya kuma a sa ƙarfe tsakanin sifirin da aksul ko a tsawaita maratayin sifirin. Ita ce mafi araha, kuma tsayi kawai take bayarwa. Tsohon sifirin ɗinka da tsohon shokozobarka su ne dai za su ci gaba da shan gargada. Akwai ɗaga bodi daga kan shasi, wanda ba ya ƙara ko ɗan yatsa a ƙarƙashin mota, ban ga amfaninsa ga ɗan kasuwa ba. Sai cikakken saiti: sabon sifirin gaba da baya da shokozoba da aka yi su tare don junansu. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons sun yi suna a nan, domin ƙasarsu ma akwai dogayen hanyoyin burji masu gargada irin namu. Wannan ya fi tsada, amma shi ne ke canza yadda mota ke tafiya.

Nawa za a ɗaga? Ga motar da ake hawa kullum, inci 2, wato santimita 5, nan ne iyaka. Dalili yana cikin ƙirar ƙafar gaba. Hilux tun daga samfurin 2005 kowace ƙafar gaba cin gashin kanta take yi, hannuwa biyu ke riƙe da ita, sama da ƙasa, da murɗaɗɗen sifirin. In mai jan ƙafa huɗu ce, shaf ne ke kawo mata ƙarfi daga tsakiya. Duk yadda ka ɗaga, haka shaf ɗin ke ƙara karkacewa, robarsa ta riƙa yagewa, ƙura ta shiga, boljoyin ya riƙa aiki a ƙarshen iyakarsa. In ka wuce santimita 5, sai an canza hannun sama, sau da yawa har an sauko da ƙululun gaba, in ba haka ba alaimen ba zai zauna ba, taya ta cinye ta gefe ɗaya. Masu samfurin da ya gabaci wannan, mai sandar ƙarfe da ake murɗawa, su ma su yi hattara. Makanike zai ce maka "bari in ɗaure maka ita kyauta", motar ta tashi nan take, amma ƙafar ta rasa wurin saukowa in ta faɗa rami, ta riƙa dukan ƙarfe. Land Cruiser 79 mai aksul guda a gaba ta fi haƙuri da ɗagawa, amma ita ma ba a sake mata linzami.

Wurin da mutanenmu suka fi tafka asara shi ne zaɓen ƙarfin sifirin. Kamfanonin nan suna sayar da shi ne bisa nauyin da ke zaune a bayan mota kullum, akwai na mara lodi, na matsakaici, da na mai nauyi. Ɗan kasuwa da ya ji "mai nauyi" sai ya ce shi yake so. To ka tambayi kanka tsakani da Allah: a kwana bakwai, kwana nawa motar ke ɗauke da kaya? Wanda ke jigilar buhunan masara ko albasa kullum, mai nauyin ya dace da shi. Wanda sai ranar kasuwa yake lodi, sauran kwanaki iyali ne a ciki, in ya sa mai nauyi bayan motar zai riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Kwalabe da tangaram su fashe, mai juna biyu da tsoho su sha azaba, kuma a kan gargada tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, birki ba ya ci yadda ya kamata.

Wannan maganar kuma a riƙe ta da kyau: ɗagawa ba ta ƙara wa mota yawan kayan da aka yi ta ta ɗauka. Hilux wajen tan ɗaya aka yi mata, da direba da fasinja a ciki, kuma adadin yana rubuce a takardunta. Sifirin mai ƙarfi ɓoye nauyin yake yi wa ido, amma birki da aksul da shasi suna jin sa. Sannan doguwar mota mai dogon lodi ta fi saurin kifewa a kwana. Mai saukowa daga dutsen Ngaundere da buhuna sun wuce rufin mota, ga yaran mota zaune a kai, ya tuna rayuka ya ɗauko.

Bayan an ɗaura, aiki bai ƙare ba. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, in an ɗaure tana rataye robar za ta yage da wuri. A yi alaimen ranar. A duba tiyon birki bai miƙe tsam ba in ƙafa ta sauko. A gyara saitin fitila don kada ka makantar da masu tahowa. Bayan kamar kilomita 500 a sake ɗaure ƙarafan da suka rungume sifirin da aksul. Masu tsohuwar Hilux marar ABS, akwai wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da aksul, shi ke ƙara wa ƙafar baya birki in mota ta zauna da lodi. In an ɗaga ba a gyara masa zama ba, zai ɗauka motar babu kaya ko da tana cike, ya rage birkin baya. Ka sa makanike ya nuna maka shi da hannunsa.

Wajen saye, ka zaɓi abin da za ka samu madadinsa a inda kake, ko Suame a Kumasi, ko Abossey Okai, ko Camp Yabassi a Duwala, ko Ƙofar Ruwa in ka leƙa gida. Shokozoban da sai an jira wata biyu daga waje, ranar da ya fashe kasuwarka ce ta tsaya. Jabu ya yi yawa a duniya, fenti da kwali ba shaida ba ne. Ka nemi lambar kayan ta dace da samfurin motarka, ka karɓi rasit, in farashi ya yi daɗi fiye da kima ka tuna araha ba ta ado. Tsofaffin kayan da aka cire ka ajiye su. Mu baƙi ne a ƙasashen nan, don haka kafin ka taɓa motar ka tambayi masu binciken lafiyar mota da kamfanin inshorarka, kada ranar tsautsayi a ce ka canza mata ƙira.

Shawarata a taƙaice: mai yawan bin kwalta ya sabunta kayan kamfani ya sayi taya mai kyau, ya isa. Mai cin kasuwannin ƙauye rani da damina ya sa cikakken saiti na santimita 5 daidai da lodinsa na gaskiya. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya jira, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma a shawarci uwargida, domin ita da Inna ne za su riƙa hawa da sauka, kuma kuɗin daga tukunya ɗaya yake fita da na makarantar yara.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.