Makaho da Riƙon Ragama

Bayan haka, a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana a nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma a 2020 aka kafa hukumar da za ta tsaya musu. To, amma gurbin aiki ba ya amfanin wanda bai yi karatu ba.

Nan ne maganar ta komo ga malamai da attajirai. An saba yaro makaho ya haddace Alƙur'ani da ka, sa'an nan a miƙa shi ga ɗan jagora, su nufi kasuwa bara. Alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya riƙe Madina idan an fita yaƙi. Shugabanci ke nan, ba sadaka ba. A Zariya ma Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne.

Rubutun makafi kuwa, wanda Bafaranshe Louis Braille ya ƙago, ɗigo shida ne ake shafawa da yatsa, yau har Mus'hafi ana bugawa da shi. Tun 1953 mishan suka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Tsangayu nawa ne ke da irin wannan Mus'hafi? Attajirin da ke zuba kwabo a ƙoƙon makaho ran Jumma'a yana da ikon sayensa, har ya biya makaho malami ya koyar da 'yan'uwansa.