Wai Iyawa Ce, Ba Caca Ba: Wa Kuke Yaudara?

Duk mai bin lungunan Hausari bayan sallar isha'i ya san abin da muke magana a kai. Tabarma a gindin dogon yaro, fitilar waya, samari huɗu ko biyar sun haɗa kai, kati a hannu, kuɗi a ƙarƙashin cinya. Ka yi musu magana, amsar guda ce: "Baba, ai wannan ba caca ba ce, iyawa ce." To, yau iyawar nan za mu tattauna.

Ba ma musun cewa wasan wot yana da dabara. Mu ma mun buga shi, musamman shekarun dokar hana fita da ta tsare mu a gida tun da sauran rana. Kati 54 ne, kuma kowa da salonsa. Akwai mai riƙo, wanda zai ɓoye 20 ɗinsa har sai wasa ya zo gangara. Akwai mai zafin hannu, wanda da ya ga 2 ko 5 zai jefa don maƙwabcinsa ya kwashi kati. Akwai mai lissafi, wanda ke ƙirga tauraro nawa ya fita, yana jiran ya saki 14 ya aika kowa kasuwa. Akwai kuma ɗan burga, mai ɓata fuska alhali hannunsa cike yake. Duk wannan gaskiya ne, yana da daɗin kallo idan abin da za a rasa bai wuce dariya ba.

Yanzu kuma yaranmu sun samo sabuwar hujja a waya: wasan foka na Turawa. Suna kallon bidiyo, suna koyon wane ne mai matse hannu, wane ne mai sake hannu, wa ke kai hari, wa ke jira. Suna ba mu labarin Chris Moneymaker, ma'aikacin lissafin kuɗi a Amurka da ya ci dala miliyan biyu da rabi a gasar Las Vegas ta 2003. Haka ne, ya ci. Amma mutum 839 ne suka zauna a gasar nan, kowace kujera dala 10,000, kuma mafi yawansu hannu biyu suka tashi. Sunan mutum ɗaya kuka riƙe. Ina sunayen sauran?

Bari mu yi lissafin da ba a yi a kan tabarma. A ce ku biyar ne, kowa ya zo da naira 2,000, jimla 10,000. Kowane zagaye kowa ya zuba 200, mai wuri ya zare 100 a matsayin kamasho. Zagaye hamsin kafin asuba ba wani abu ba ne. To, 5,000 ta shige aljihun mutumin da bai taɓa kati ba. Rabin kuɗinku ke nan. Mai riƙo, mai zafin hannu, mai lissafi da ɗan burga duk a kan ragowar suke kokawa. Salo ɗaya ne ba ya faɗuwa a wurin nan, salon mai tabarma. Ko da kai ne gwanin gwanaye, kuɗin wa kake ci? Na ɗan maƙwabcinku, wanda gobe za ku haɗu a sahu ɗaya.

Kuma kuɗin nan daga ina suke fitowa? Balas ɗin mai Keke Napep ne da ya kamata ya kai wa mai keke. Cinikin yaron shago ne a Kasuwar Monde, kasuwar da gobarar Fabrairun 2023 ta cinye jarin mutane da yawa. Har kuɗin tallafin da wasu gidaje suka samu bayan ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024, mun ga inda aka zauna aka raba shi da kati. Kai jama'a! Garin da ya sha wannan wahala, shi ne za a ce samarinsa su kwana suna cin junansu?

Kakanninmu da suka zo Yerwa daga Kano, Katsina da Haɗeja, fatauci da sana'a suka kawo su. Amana ce ta sa mutanen Barno suka ba su wuri, suka ba su bashi, har suka ba su aure. Yau idan aka ce ɗan Hausari ya cinye kuɗin ubangidansa a kati, ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Wake ɗaya ne ke ɓata gari.

Ba mu ce a ƙone kati ba, ba mu kuma ce a tura 'yan sanda su kwashe yara ba. Mun ce a cire kuɗi daga tabarma. Hukuncin caca a Suratul Ma'ida a bayyane yake, babu wani salo da zai canza masa suna. Bulama da dattawan kowane layi sun san gidajen da ake karɓar kamasho; a kira masu su a yi musu magana ido da ido. Iyaye kuma mu daina cewa "ai yana nan ƙofar gida". Ƙofar gidan ce matsalar.

Ku kuma samari, in da gaske kuna da ƙwaƙwalwar ƙirga kati 54 a ka, wallahi kasuwa na neman irinku. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.