Tallafin korona da masu turara shinkafa: me ya sa kuɗin ya tsaya a hanya?

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda annobar korona, ana dab da shiga azumi. A yankin noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, ruwan madatsar Tiga bai daina kwarara ba, kasuwa ce ta tsaya cak. Matan da ke turara shinkafa a cikin gidajensu, su shanya, su kai inji a casa, sun rasa masu saye, ga bashin itace da na shanshera a wuyansu.

Gwamnatin tarayya ta fito da manyan tsare-tsare biyu. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 a watan Maris na 2020 domin bai wa magidanta da ƙananan masana'antu rance ta hannun bankin NIRSAL, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a farko. Sai kuma asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, a ƙarƙashin shirin farfaɗo da tattalin arziki da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya jagoranta, wanda aka buɗe rajistarsa a watan Satumba. An yi alkawarin kashi 45 cikin ɗari ga mata.

Sharuɗɗan ne suka tace masu cin gajiya. Tallafin biyan albashi ya buƙaci rajista da hukumar CAC, da lambar BVN, da jerin ma'aikata masu asusun banki, kuma ta intanet aka riƙa nema. Mai turara shinkafa a Kura ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan a mafi yawan lokuta. Ma'aikatanta 'ya'yanta ne da maƙwabta, jarinta daga adashe yake, lissafinta a ka. Abin da ya fi kusa da ita shi ne naira dubu 30 da aka bai wa masu sana'ar hannu sau ɗaya, da rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum dubu 250 a faɗin ƙasa.

Rancen ma ya zo da tasa matsalar. Da yawa sun ɗauke shi a matsayin rabon arzikin ƙasa, alhali tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ke ba da damar cire bashi daga kowane asusu mai ɗauke da BVN ɗin wanda ya ci. Da lokacin biya ya yi, wasu sai ganin an zare musu kuɗi suka yi.

Tushen lamarin shi ne gwamnati ba ta san waɗannan sana'o'i ba kafin annoba, don haka ba ta da hanyar kai musu agaji a cikinta. Amma hanyar tana nan: ƙungiyoyin masu amfani da ruwan rani, da na mata masu sarrafa shinkafa, da masu injinan casa, duk sun san wa ke aiki da gaske. Ya kamata gwamnatin Kano da ƙananan hukumomin uku su tattara wannan rajista yanzu, su kuma wallafa yawan waɗanda suka amfana da tallafin baya mazaɓa-mazaɓa. Wannan ce tambayar da matasan yankin za su yi wa duk mai neman ƙuri'arsu.