Ra'ayi: Mai hoton biki a Olalewa ba ya bukatar cin bashi don ya ɗauki zoben amarya

Da zarar an gama girbin gero a Damargu, bukukuwan aure sukan kankama, daga Olalewa da Bakin Birji har zuwa Tanut da Belbeji. A 'yan shekarun nan abin da amare da ƙawayensu ke nema wurin mai hoto ya sauya. Hoton dangi a jere ya daina wadatarwa. Ana son hoton ƙunshi, da na awarwaro, da na zobe a yatsa, irin waɗanda ake gani a WhatsApp da TikTok daga Kano ko Yamai. Wannan ya sa matasa masu sana'ar hoto da dama suka ɗauka cewa sai sun mallaki gilashin makro, wato gilashin kyamara na musamman da ke ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, kafin su burge masu biki. Irin wannan gilashi, kamar Canon mai milimita 100 ko Tamron mai milimita 90, sau da yawa ya fi ita kanta kyamarar da matashin ya saya ta hannu tsada. Ga wanda aikinsa ke tafiya da kaka, cin bashi ko sayar da tumaki saboda wannan gilashi kuskure ne, kuma lissafi ya nuna hakan.

Abin da ake biyan kuɗi dominsa a gilashin makro shi ne ya fito da abu daidai girmansa a kan sensa, wato allon da ke kama haske a cikin kyamara. To amma sensar kyamarorin da suka fi yawa a hannun masu farawa, irin su Canon 2000D da Nikon D3500, faɗinta kusan milimita 23 ne, tsayinta kusan 15. Zoben yatsa kuwa faɗinsa ya kusa santimita biyu. Ke nan idan aka ɗauke shi daidai girmansa, ba zai ma shiga cikin hoton gaba ɗaya ba, balle a ga yatsa da lallen da ke kewaye da shi. Rabin wannan girma, ko kashi ɗaya cikin uku, ya isa. Gilashin 18-55 da ake sayar da yawancin waɗannan kyamarori tare da shi yana kaiwa kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ja shi zuwa 55 aka matso kusa. Mai hoto da bai gwada wannan ba tukuna bai san abin da ke cikin jakarsa ba.

Ga mai son ya ƙara matsowa, akwai hanyoyi uku masu sauƙin kuɗi. Ta farko ita ce bututun ƙari da ake sa wa tsakanin kyamara da gilashi, wanda yakan zo uku-uku, masu milimita 12 da 20 da 36. Ta biyu ita ce zoben ƙarfe da ke ba da damar juya gilashi a maƙala shi ta baya. Ta uku ita ce madubin ƙara girma da ake ɗaurawa a bakin gilashi. Duk suna aiki, sai dai a Damargu ba ɗaya suke ba, saboda lokacin biki shi ne lokacin hunturu. Hanyar farko da ta biyu suna tilasta wa mai hoto ya cire gilashi a tsakiyar taro, cikin ƙura da iska. Duk ƙurar da ta sauka a kan sensa takan fito ɗigo-ɗigo a hotuna, kuma ta fi bayyana idan aka rage ƙofar haske, wanda shi ne abin da hoton zobe ke bukata. Wanke sensa kuma aiki ne da yakan ja mutum zuwa babban birni.

Don haka madubin ƙara girma ya fi dacewa da wannan yanki, tunda ana ɗaura shi a cire ba tare da an buɗe cikin kyamara ba. Raynox DCR-150, alal misali, yana kama abu daga tazarar kusan santimita 20, kuma idan aka haɗa shi da gilashi mai milimita 100 yana fito da abu kusan rabin girmansa. Wanda ke aiki da waya ma akwai ƙaramin madubi mai matsewa da ake maƙalawa a idon wayar.

Masu goyon bayan gilashin makro suna da hujja. Madubai mafiya araha sukan bar launi a gefen azurfa, kuma hotonsu bai kai na makro kaifi ba. Mai shagon hoto a Damagaram da ke ɗaukar kayan masu sayar da zinare duk mako, ya dace ya nemi makro, ko da na hannu ne. Amma mai hoton ƙauye da zai saka hoton zobe biyu ko uku a cikin kundin biki guda, ba shi da wannan uzuri.

Abin da ya fi ɓata hoton zobe ma haske ne. Zinare da azurfa suna mayar da haske kamar madubi, shi ya sa filasha kai tsaye ko ranar tsaka ke shafe zanen da maƙeran Buzaye suka ɓata lokaci suna yi a jikin azurfa. Inuwar rumfa, da farin mayafi da zai tare rana, da farar takarda a gefe, sun fi kowane kaya mai tsada gyara hoto. Sai a sa ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11, domin daga kusa milimita kaɗan ne kawai ke fitowa sarai, a ɗora kyamara kan ƙafa-uku ko matashin kai, a bar ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu.

Wannan hoto yana da amfanin da ya wuce ado. A cikin zobe sau da yawa akwai hatimi: 750 na nufin zinare karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 925 kuma azurfa. Hoton da ya nuna wannan lamba sarai zai iya taimaka wa amarya idan kaya suka ɓace, ko aka samu saɓani kan abin da aka sa a lefe. Mai hoto da ya saba ɗaukar hatimin ya ba iyali abin da za su adana.

Kuɗin da za a zuba a gilashi guda sun fi amfani idan aka raba su: madubin ƙara girma, batir na biyu, katin ajiya na ƙari, da ƙaramin faifan sola don caji a ƙauyukan da wuta ba ta kai ba. Ranar ɗaurin aure, batir da ya mutu da azahar ya fi rashin makro jawo wa mai hoto asarar suna. Idan aiki ya yawaita har ya biya kuɗin makro da kansa, lokacin sayensa ya yi.