A Auna Kafin A Rushe: Darasin Farfesa Dmochowski Ga Mutanen Mandawari

Akwai tambayar da ya kamata mu 'yan bokon Arewa mu yi wa kanmu, ko da kuwa amsarta ba za ta yi mana daɗi ba. Idan aka wayi gari gidajen ƙasa na unguwannin cikin birnin Kano sun ƙare ƙaf, kamar yadda suka kama hanyar ƙarewa, a ina jikokinmu za su ga yadda kakanninsu suka yi gini? A iya sanina, babbar madogararsu ita ce aikin wani Bature mutumin ƙasar Folan, wato Farfesa Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gine-gine wanda ya bar duniya a 1982. Da yawa daga cikinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba, alhali kuwa ya ƙarar da kusan rubu'in ƙarni na ƙarshen rayuwarsa a kan ginin da mu masu shi muke jin kunyarsa. Ina ganin rayuwar wannan malami tana ɗauke da darasi guda wanda ya shafi unguwa irin Mandawari kai tsaye, shi ya sa na ga ya dace in ɗan gutsura wa mai karatu tarihinsa.

Dmochowski ya yi karatu a babbar kwalejin fasaha ta Warso, babban birnin ƙasarsu, ya kuma fara aiki a wani sashe nata wanda sana'arsa ita ce bin ƙauyuka da birane ana auna tsofaffin gine-gine ana zana su a takarda. A shekarun 1930 shi kansa ya yi nazarin gidajen katako na manoman gabashin ƙasar. A lokacin, ko shakka babu, an sami masu yi wa wannan aiki kallon ɓata lokaci. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, kuma a 1944 sojojin Jamus suka bi Warso gida-gida suna rusawa, har sai da fiye da kashi 80 cikin ɗari na birnin ya zama kufai. Da ƙura ta lafa, mutanen Folan suka tashi sake gina tsohon birninsu kamar yadda yake. Cikin abubuwan da suka dogara da su har da zane-zanen awon da malamai da ɗaliban waccan kwaleji suka yi kafin yaƙi, waɗanda aka ɓoye suka tsira. A 1980 hukumar UNESCO ta sanya wannan tsohon birni da aka farfaɗo da shi cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya fito daga irin wannan makaranta ba sai an gaya masa ba: ginin da aka auna, ko ya faɗi yana iya tashi, wanda ba a auna ba kuwa ya tafi ke nan.

Bayan yaƙi Dmochowski ya zauna a Ingila yana koyarwa, inda a 1956 ya wallafa littafi a kan tarihin gine-ginen ƙasarsu. A 1958 ya iso Najeriya ya kama aiki da Sashen Kula da Kayayyakin Tarihi na gwamnatin tarayya. Mai karatu ya tuna irin zamanin. Saura shekara biyu a sami mulkin kai, idon kowa yana kan siminti da kwano da bene, duk wanda ya sami abin hannu burinsa ya fita daga ginin ƙasa. A cikin wannan yanayi ne mutumin ya ɗauki igiyar awo da fensir, ya tara matasan Najeriya ya koya musu aikin, suka shiga ƙasa lungu-lungu, daga Kano da Zariya da Katsina har zuwa ƙasar Yarabawa da ta Ibo. Sun auna fadoji da masallatai, sun auna gidajen attajirai da na talakawa, har rumbunan hatsi ba su raina ba.

Ya kamata a fahimci bambancin awo da ɗaukar hoto. Hoto yana nuna maka kyan zankwaye da adon ƙofar zaure, amma ba ya gaya maka kaurin bango a gindi da yadda yake sirancewa in ya yi sama. Ba ya nuna maka yadda aka jera tubali, ko yadda magini ya ɗaura azara a kan azara har ta zama bakan gizo. Ita azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida. Dabarar da maginan Hausa suka ƙago ta baka da ɗaurin guga ita ta ba su damar rufe soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Wannan lissafi ne na injiniya tsantsa, sai dai a ka yake, ba a takarda ba. Abin da Dmochowski ya yi shi ne sauke wannan lissafi daga kan magina zuwa kan takarda, da ma'auni, ta yadda wani zai iya karantawa bayan shekara ɗari.

Amfanin aikin bai daɗe ba ya bayyana. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana sun haɗu a kan cewa yana sahun gaba a duk ginin ƙasa na Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka yi masa aikin zamani, aka rushe wasu sassansa, aka lulluɓe abin da ya saura da ginin siminti. Ba don an riga an auna shi ba, da cikakkiyar siffarsa ta asali ta tafi har abada. Shi kuwa Dmochowski, bayan ya koma gida a tsakiyar shekarun 1960 ya zama farfesa a kwalejin fasaha ta birnin Gdansk, sai ya sake dawowa Najeriya a shekarun 1970, tsufa ya riga ya kama shi, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos. A can aka gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano, da ƙasa, da hannun magina. Babban littafinsa mai juzu'i uku, wanda na farkonsa a kan Arewa yake, bai fito ba sai a 1990, shekara takwas bayan mutuwarsa. Ya shuka, bai ga girbi ba.

To, mu dawo gida. Mandawari ba ƙaramar unguwa ba ce a tarihin Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Mandawari cikin malaman Wangarawa da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, har ya nuna shi ne limaminsu. Ke nan sunan unguwar kaɗai ya haura shekara 600. Amma duk wanda ya bi Sabon Titi ya kutsa lungunan Mandawari yau ya san abin da ido ke gani. Zauren da ake karatu da karɓar baƙi an fasa shi ya zama shago. Soro ya koma bulo da kwano. Gidan da ya tara zuriya guda an yi rabon gado an yanka shi gida huɗu, ko an sayar wa mai kuɗi ya tayar da benen shaguna. Gidan Rumfa da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna da masu kula da su. Gidan malami ko na ɗan kasuwa a cikin lungu ba shi da kowa, kuma ranar da za a rushe shi babu mai zuwa da igiyar awo. Hatta abin da hukuma ta san da zamansa bai tsira ba, domin a 2007 aka sa ganuwar Kano a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Zai ce ku 'yan boko kuna kwance a gidajen siminti a Nasarawa da Bompai, kuna so talaka ya zauna cikin ƙasa don ku riƙa zuwa kallo. Zai ce duk damina sai an ji gini ya faɗa wa mutane a cikin birni, azara ta yi tsada saboda an sare giginya, yaɓen shekara-shekara kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Ban musa ko ɗaya ba, kuma ba na cikin masu cewa a hana mutum gyara gidan ubansa. Sai dai a yi wa ƙasa adalci. Yawancin bangon da ke faɗuwa ta gindi ruwa ke cin sa, saboda an cike kududdufan da ke shanye ruwan unguwa an yi gini a kai, kwatoci sun toshe, an ɗaga titi ya fi daɓen gida tudu. Daɗin daɗawa, an bar makuba da laso, waɗanda ke kore ruwa su bar bango ya sha iska, an koma shafa siminti a kan ƙasa, shi kuwa sai ya riƙe danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba. Shi kuma bulo da kwanon da muka gudu gare shi, kowa ya san yadda yake a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 ga kuma babu wuta. Soron ƙasa mai kaurin bango yana shanye zafin rana, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Mun sayar da sanyin da muke samu kyauta, mun sayi janareta.

Duk da haka, takarda ba ta yaɓe. Nan ne iyakar aikin Dmochowski, nan ne kuma wani ɗan Arewa ya ɗora. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna daga 2002 zuwa 2007, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981, a kan yadda Hausawa ke gane kyau a ginin gargajiya. Shi magina ya bi, ya zauna da su, ya nemi sanin abin da ke sa a kira wani gwani a bar wani a magini kawai. Ɗaya ya auna gini, ɗaya ya saurari mai ginin. Fiye da shekara 40 ke nan da wannan bincike, kuma tsofaffin maginan wancan zamani galibinsu sun kwanta dama. Tambayar ita ce, ɗalibai nawa ne a sassan zanen gine-gine na jami'o'inmu suka taɓa murza tubali da hannunsu, ko suka tsaya a gaban Sarkin Magina a matsayin almajirai?

Maƙwabtanmu sun nuna cewa wannan ba mafarki ba ne. A garin Yama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, aikin da aka fara a 1962, kuma a 1986 ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin wannan fanni a duniya. A 2013 tsohon birnin Agadas ya shiga kundin UNESCO da ginin ƙasarsa. A 2022 Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya yi suna da gina makarantar ƙauyensu da bulon ƙasa, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a wajen masu zanen gini. Abin da muke zubarwa a juji, shi duniya ke ba lada a kansa.

Saboda haka shawarata ba mai tsada ba ce. Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil duk suna koyar da zanen gine-gine, ga kuma Zariya, uwa ma ba da mama. A wajabta wa kowane aji auna tsofaffin gidaje na unguwa guda a cikin birni kafin a ba su digiri, a fara da Mandawari, da izinin masu gida da sa hannun mai unguwa, tare da kiyaye alfarmar cikin gida ta hanyar tura ɗalibai mata inda maza ba sa shiga. A rubuta tarihin kowane gida daga bakin dattawansa, a ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da Gidan Makama. Hukumar tsara birni kuma ta sa sharaɗi cewa duk mai son rushe tsohon gida a cikin ganuwa ya ba da sanarwar 'yan makonni don a zo a auna. Ba a hana shi rushewa ba, an dai ce ya bari a ɗauki siffar abin. Sannan jami'o'i su ɗauki gwanayen magina da suka rage su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami mai ziyara. Abin da Dmochowski ya yi da igiya da fensir a kan munanan hanyoyin 1958, yau ɗalibi mai kwamfuta da wayar hannu zai yi shi cikin kwanaki kaɗan.

Mu kuma da muka fito daga waɗannan lunguna muka zama likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, muna da namu kason. Yawancinmu muna da hannu a gadon wani gida a cikin birni, kuma da mu ake zama ranar da za a yanke shawarar sayarwa ko rushewa. Kafin a kira lebura da diga, a kira ɗalibi da igiyar awo. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baƙo ya taso daga Folan ya yi mana rabin aikin ba tare da ya gaji ko taku ɗaya na ƙasar nan ba. Sauran rabin namu ne, kuma kowace damina da ta wuce tana rage abin da za a tarar a auna.