Kafin a Haƙa Harsashi, Mu Tambayi Wa Zai Biya Ɓarna

Jama'ar Abuja, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Mpape zuwa Karshi, wane ne bai san rugugin tifa da ƙurar da take bari a baya ba? Birni na bunƙasa, ba mai ƙin haka. Amma kowane bene na tafe da wani kuɗi da ba ya cikin takardar kwangila, kuma maƙwabta ke biyansa da huhunsu da rijiyoyinsu.

Ku tsaya bakin wani babban gini ku gani da idonku. Lebura zai farke buhun siminti ya zazzage, ƙura ta turnuƙe, ba abin da ya tare hancinsa sai tsumma. Da yamma a wanke injin kwaɓa kankare, a saki ruwan ya bi kwata. Baƙin man katafila a tsiyaye shi a ƙasa, ya gangara ya sami rijiyar unguwa. Baraguzai kuwa, sai dare ya raba a juye su cikin rafi. Ƙurar dutse na cin huhu a hankali, ruwan siminti na ƙona fata yana kashe kifi, magudanar da aka toshe kuma tana nan tana jiran damina.

Ba labarin nesa ba ne. A watan Satumbar 2018 ƙasa ta motsa a Mpape, har gwamnatin birnin ta dakatar da fasa dutse a yankin. A watan Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje sama da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, inda hukumomi suka ce an tare wa ruwa hanya da gini. Idan irin wannan ta auku, wa ke biyan diyya?

Doka ba ta yi shiru ba. Bayan gubar da aka jibge a garin Koko a 1988, an kafa dokar 1992 da ta hana fara babban aiki sai an auna illarsa ga muhalli. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, aka fitar da ƙa'idojin aikin gini a 2011. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa mai ginin da ya haura hawa biyu ya yi inshorar da za ta biya duk wanda aikin ya cutar, sabuwar dokar 2025 ma ba ta ɗauke wannan nauyi ba. Dokar 2010 kuma ta ba ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki haƙƙin diyya daga asusun NSITF.

Sai dai akwai tarko. Yawancin inshorar gini na biyan asarar gobara da rushewa da sata, amma tana tsame hannunta daga gurɓatar da ke tsatsafowa sannu a hankali. Don haka, mai gini, kada ka wadatu da hatimi: ka sa a karanta maka sharuɗɗan, a rubuta gurɓatar ruwa da ƙasa da iska ɓaro-ɓaro. In zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, ga inshorar Musulunci ta takaful nan, hukumar inshora ta NAICOM ta ba ta lasisi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan kwangila, ku riƙa yayyafa ruwa a kan ƙura, ku rufe bayan tifa da tamfol, ku haƙa ramin wanke kankare, ku tara baƙin mai a durom. Lebura da birkila, takunkumi da safar hannu haƙƙinku ne, ba alfarma ba. Masu unguwanni da limamai, ku tara jama'a ku nemi ganin izinin gini da takardar inshora tun ranar da aka kafa turaku. In aka hana ku, ku ɗauki hoto, ku rubuta kwanan wata, ku kai ƙara ga hukumar muhalli ta Abuja, AEPB, ko NESREA, ku yi ta bibiya har sai an zo.

Mu tashi tsaye! Duk wanda ke da kuɗin ɗora bene yana da kuɗin kare maƙwabcinsa. Mu tambaye shi tun yau, kafin a sauke tifar farko.