Ma'aikacin Gida da Kyanwarsa

Tun da annobar korona ta sa aka ba da umarnin rufe Legas da Abuja da Jihar Ogun a ƙarshen watan Maris na 2020, wata al'ada ta ƙara samun gindin zama a ƙasar nan, watau mutum ya yi aikin ofis daga ɗakinsa ta hanyar kwamfuta da waya. Duk wanda ya taɓa shan cunkoson motocin Legas ya san daɗin wannan.

Amma fa abin yana da nasa ciwon. Wani shehun malami na Jami'ar Stanford ta Amurka, Nicholas Bloom, ya bi diddigin ma'aikatan kamfanin Ctrip na ƙasar Sin waɗanda aka bari su yi aiki a gida har wata tara. Sakamakon da aka buga cikin 2015 ya nuna aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Da aka ba su zaɓi kuwa, sai wajen rabinsu suka ce a mai da su ofis, kaɗaici ya dame su. Ashe hirar nan ta abokan aiki, wadda manya ke ɗauka ɓata lokaci ce, ita ke riƙe da mutum.

Wasu a ƙasashen Turawa suna neman maganin wannan kaɗaici wajen dabbobin gida. Cikin 2019, masana a Jami'ar Jihar Washington suka sa ɗalibai su shafi kyanwa da kare na minti goma, aka auna miyaunsu, aka tarar sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa ya ragu. Ga kuma wani amfani: dabba ba ta san aiki ya yi yawa ba, in lokacin cinta ya yi tilas ka tashi daga kujera.

Mu dai kare na gadi ne da farauta, ba ya shiga ɗaki. Kyanwa kuwa tana da daraja a wurinmu, har sahabi Abu Huraira daga gare ta ya sami laƙabinsa. Mai tattabaru ma ya san natsuwar da ke cikin watsa musu hatsi da la'asar.

Sai dai a ganina kyanwa ba za ta maye gurbin abokin aiki ba, don ba ta ba da shawara, ba ta zuwa gaisuwa. Bloom ɗin nan ya sake bincike a wannan kamfani, aka buga cikin 2024: waɗanda aka ba kwana biyu a gida, uku a ofis, aikinsu bai ragu ba, masu ajiye aiki a cikinsu kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku.